Arzika Tafinta, Wanda Ya Raba Saura da Daji

Ran kasuwar Filinge ina bakin rijiya ina shayar da doki, wani mai raƙumi daga Bonkuku ya gaya mini Arzika tafinta ya rasu jiya da hantsi, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na saki igiyar guga, na zauna.

Shekara shida muna tafinta tare a barikin Nasara. Ya girme ni nesa, Baba nake ce masa. Faransancinsa a hanya ya tsince shi, yana ɗaukar kayan soja. Duk abin da ya faɗa wa Kumandan sai ya juyo ya maimaita wa mai ƙara da Hausa. Yakan ce, "Mutum na da hakkin ya ji abin da anka ce da bakinshi."

Wata rana Kumandan ya fita neman makiyayar dawakin soja, muna biye. Muka tsaya wani fili mai sabara da ciyawa. Wani tsoho, Gado, ya tare mu yana cewa, "Saurata ce!" Ni kuwa na juya wa Kumandan da kalmar Nasara mai nufin daji. A dokarsu daji ba na kowa ba ne, na gwamnati ne. Nan take ya ce a kafa turaku.

Baba ya sauko daga doki. "Ranka ya daɗe, abokin aikina ya yi gaggawa. Ba daji tsohon ga ya ce ba." Ya bayyana masa cewa saura da daji duk sabara ke rufe su, duk shanu na kiwo ciki, ido ba ya raba su. Amma saura gona ce da aka bari ta huta, da mai ita, yana nan dawowa. Kumandan ya ce, "Ina shaida?" Baba ya buɗe ciyawa da hannu, ya nuna masa layin gamba da kakan Gado ya dasa a kan iyaka, da ruɓaɓɓun tushen karan gero.

Kumandan ya fusata da aka gyara shi gaban jama'a. Ya sa aka karɓe dokin Baba, Baba ya dawo gari a ƙasa cikin rana. Amma ba a kafa turaku ba, bayan damina biyu Gado ya shuka wurin.

Na je ba shi haƙuri, kunya ta cika ni. Ya miƙo mini ruwa ya ce, "Ƙanena, kalma biyu in sunka yi kama, nan ne za ka tsaya ka tambayi mai wuri." Bai sake tayar da zancen ba har ya bar aiki.

Allah ya jiƙan Baba Arzika, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba matarsa Inna Hajo haƙurin rashi, ya raya 'ya'yansa huɗu a kan gaskiyar ubansu. Mu da muka rage tsakanin Nasara da talakawa, Allah ya tsare mana harsunanmu. Amin.