Sha Biyu da Minti Goma Sha Bakwai

Makon nan shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar kawuna, Barista Mansur, ƙanin mahaifiyata. Allah Ya jiƙansa. Amma duk sanda na zauna tuna shi, ba ranar rasuwarsa ce ke fara zuwa mini ba. Wata Alhamis ce, ƙarfe goma sha biyu da minti goma sha bakwai na rana. A lokacin ne zaman lafiyar gidansa ya fara tsagewa, kuma da hannuna na rubuta lokacin.

Shekarun nan ne da soja suka koma bariki, aka kuma ƙaddamar da Shari'a a Kano. Ko'ina ka zauna gardama ake yi a kan adalci. Kawu bai cika shiga gardamar ba. Aikinsa shi ne bai wa hukumomin gwamnati shawara a kan bayar da kwangila, da tsara yarjejeniyar haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da 'yan kasuwa: wane zai gina, wane zai gudanar, shekara nawa, kuma wa za a kama in rufi ya fara yoyo. Yakan ce tun ran gini ran zane. Ni kuwa ina aji uku a fannin lauya, ina zaune a gidansa a Nasarawa, yarinya mai kunyar da ko gaisuwa sai na maimaita ta a raina kafin in furta. Da hutu nakan bi shi ofis in riƙa jera masa fayil.

Wata hukuma ta nemi ɗan kasuwar da zai gina sabuwar kasuwa ya gudanar da ita na wasu shekaru, sannan ya miƙa wa gwamnati. Kawu ne lauyan kwamitin. Ƙa'idar a rubuce take: kowa ya kawo takardunsa a ambulan rufaffe, a rubuta sunansa da lokacin zuwansa a rajista, ya jefa a akwatin ƙarfe. Sha biyu daidai a rufe bakin akwatin. Kawu da kansa yake riƙe rajistar a irin wannan rana, ba ya bai wa kowa. Amma ran nan, wajen sha ɗaya da rabi, ya leƙa taga sau biyu, sai ya turo mini littafin da biro.

“Nafisa, zauna nan. Abin da agogo ya ce shi za ki rubuta.”

Sha biyu ta buga, Malam Ishaya, akawun hukumar, mutumin Zariya, ya liƙe bakin akwatin ya sa hannu a kai. Ba a jima ba sai ga Alhaji Garba ya shigo da sauri, ƙasa a gefen babbar rigarsa. Alhaji Garba yayan Hajiya Rabi ne, matar Kawu. Shi ya ba Kawu aurenta. Daga maƙabarta yake. Maƙwabcinsa na Giginyu ya rasu da safe, ya tsaya har aka rufe shi.

Ya ajiye ambulan a gabana yana murmushi. “'Yar gidan Barista, rubuta mana sha biyu. Jana'iza na tsaya, ba yawo na je ba.”

Na kalli Kawu. Kawu yana kallon wata takarda kamar bai taɓa ganin rubutu ba. Na kalli agogon bango, na kalli na hannuna. Na rubuta sha biyu da minti goma sha bakwai.

“Mansur,” in ji Alhaji Garba, “a garin da ake Shari'a, mutum ya raka gawa a ce ya makara?”

“Yaya, ladan jana'iza yana nan, ba wanda zai taɓa maka shi,” in ji Kawu a hankali. “Akwatin ne ba nawa ba.”

An mayar masa da ambulansa ba a buɗe ba. Masu sanin harkar sun ce shi ya fi cancanta a cikin waɗanda suka nema, kuma ban taɓa jin Kawu ya musa ba. Wani ya samu aikin.

Abin da ya biyo baya ba hayaniya ba ce. Shiru ne. Alhaji Garba ya daina zuwa gidan. Sallah shida aka yi ba a aiko da nama daga Giginyu ba, na Kawu ma in an kai sai ya dawo. Hajiya Rabi ta je sunan jikan yayanta aka bar ta a tsakar gida da baƙi. A gari aka laƙaba wa Kawu suna Barista Sha Biyu, wasu da yabo, wasu da dariya. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma mutane da yawa sun ga cewa shi ya yanke nasa da ransa lafiya. Sai da ciwon ajali ya kwantar da Kawu suka shirya da Alhaji Garba.

Yanzu ni ma wannan aikin nake yi, kuma nakan so in san yadda zai ga zamaninmu. Akwatin ƙarfe ya fara ɓacewa, a wurare da yawa ta intanet ake tura takardu, na'ura ta rufe ƙofa da kanta, ba ta san suruki ba. Zai ji daɗi? Ina jin zai gyara tabarau ya tambaya wa ke riƙe da agogon na'urar. Yakan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ba ta taɓa farawa da babba. Kasuwar nan tana ci har yau. In na bi ta gabanta na ga inda fenti ya kware, nakan ce da Alhaji Garba ne ya gina, ƙila da ta fi haka. Ban sani ba. Kawu ma bai sani ba, kuma bai taɓa yin kamar ya sani ba.

Abin da ya rage nasa a hannuna ba shi da yawa: fayilolin da ya yi wa gyara da jan biro, da ɗabi'ar duba agogo biyu. Sai kuma tambaya guda da na ɗauka shekara da shekaru. Me ya sa ya kau da kai ran nan? Ko so yake in rubuta sha biyun, ya zama yarinya ce ta yi kuskure, kowa ya huta? In haka ne, ni ce na raba shi da surukinsa, na raba Hajiya da ɗan'uwanta. Na zauna da shi a falo ɗaya sau ba adadi, kunya ta hana ni tambaya, har ƙasa ta rufe idonsa.

Juma'ar da ta wuce na je gaishe da Hajiya Rabi. Tana nan a gidan na Nasarawa, bishiyar mangwaron da Kawu ya dasa ta kai rufin bene. Na same ta tana tsince zogale. Na zauna na taya ta, sai da muka kusa cika tire sannan na yi ƙarfin hali.

“Hajiya, ran nan na akwati. Kawu ya so in rubuta sha biyu ne?”

Ta ɗago ta kalle ni, sai ta yi dariya har da tafa cinya.

“Ke Nafisa! Wannan kika ɗauka a ciki duk shekarun nan? Ai da ya dawo gida ni ma abin da na fara tambayarsa ke nan, ina kuka, na ce don me zai saka 'yar mutane a tsakani. Ya ce, ‘Rabi, da na ga sha ɗaya da rabi ta yi motar Yaya ba ta zo ba, na san in biron yana hannuna sha biyu zan rubuta. Shi ya sa na bai wa wadda ba za ta iya ba.’”