Dillalin Shanu Ne Ya Zaɓa Min Katin Girafik

Na ɗauki katin girafik mai fitilu ja da kore, har na fara laluben aljihu, sai Baffana ya riƙe min hannu.

Kwamfutar buga gem nake haɗawa da kaya na hannu, daidai ƙarfina, a wani shago nan Kaura. Baffa dillalin shanu ne a kasuwar Moriki, rakiya kawai ya yi min.

Ya ce wa mai shago, "Ɗana, kunna shi ya yi aiki mu gani."

"Alhaji, ai ga shi fes, kamar sabo."

"Ni ban sayen bijimi yana kwance. Sai ya tashi ya taka, in ji numfashinsa."

Wallahi kunya ta kama ni. Aka saka gem, ba a jima ba fankar katin ta fara kuka, allo ya yi baƙi ƙirin.

Muka gwada wani mummuna mara fitila. Baffa ya kara kunne, ya ce, "Wanga lafiyarsa lau."

Da shi nake bugawa har yau, duk zafin Kaura bai taɓa tsayawa ba. Ni da diflomata fitilu na gani, shi ya ji numfashi. Wa ke da Baffa irin nawa?