Tsakanin "Ya Isa" da "Ya Iso"

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, har sunayen wasu jikokina sai an tuna mini. Amma ranar da muka rataye injin mota a reshen gawon gidanmu a Gure ba za ta fita raina ba sai ran da aka rufe ni da ƙasa. A ranar na yi sanadin yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban ɗaga masa hannu ba, Allah shaida. Magana ce guda da ya kamata in faɗa masa, ban faɗa ba.

Zamanin Faransa ne, ƴan lakwal, wato ƴan boko, sun ce a lissafinsu shekarun alif ɗari tara da talatin da ƴan kai. Lokacin in mota ta ratsa Gure sau ɗaya, sai a yi mako ana labarinta. Ni aikina rijiya, in gina, in kuma ja ruwa in shayar da dabbobin mutane. Yayana kuwa soja aka ɗauke shi, shekara tara ba mu sa shi a ido ba. Ya dawo ya iya tuƙi da gyaran mota, ya dawo da ƙaramin akwatin ƙarfe cike da kile-kile na kwance ƙusa, da wani haƙuri wanda ni ban taɓa samun irinsa ba. Ni mai zafin kai ne tun ina yaro, kuma ga bakin tsiya.

Dole in faɗi yadda muke jan ruwa, don a nan zancen yake. Ana ɗaura wasaki, babbar gugar fata, a igiyar ƙiri, a ratsa igiyar ta kan wani ɗan gungume mai juyawa a bisa bakin rijiya, ɗaya bakin a ɗaura wa takarkari, wato san aiki. Sa ya miƙe yana tafiya, wasaki na hawa. Da ya kai baki, wanda ke tsaye a rijiya ya cafke shi ya yi kira, "Ya iso!" Jin haka sa zai juyo, igiya ta saki, a juye ruwa a kwamin shan dabbobi. Nawa takarkarin ja ne, ni na hore shi tun yana maraƙi, kuma ba ya bukatar a riƙe masa igiyar hanci. Da ya ji kiran yake juyowa da kansa. Da shi nake cika baki a kasuwa, har mutane suka gaji da ni.

Wani falke ya bar kamiyo, babbar motar kaya, a garinmu, injinta ya fashe, ya ce wa yayana ya ɗauka in tana da amfani. Bayan wata biyu wata kamiyon ta kife a tudun yashi kan hanyar Gigimi, jikinta ya lotse amma injinta lafiya lau, masu ita suka bar masa. Muka je da takarkari biyu muka jawo injin a kan ƙirgi har tsakar gida. Yayana moter yake ce masa, yadda ya ji a soja. Ya yi kwanaki yana wanke shi, yana busa yashi daga kowane lungu, mutanen unguwa suna leƙowa suna cewa soja ya taɓa masa kai. Saura abu ɗaya, yadda za a ɗora wannan uban nauyi a cikin kamiyo.

Wata safiya ya zana mini a ƙasa da tsinke. Ya ce, "Ƙanena, rami za ka gina mini mai gangare. Mu tura kamiyo ta shiga da hanci, har mazaunin moter ya yi daidai da ƙasa. Sai mu shimfiɗa azara, mu shafa mata kitse, mu turo shi a hankali ya zauna. Ba abin da zai hau sama, ba abin da zai faɗo."

Na ce, "A yashin nan? Sai an kafa zana da turaku, in ba haka ba ya rufta. Aikin kwana uku ne."

Ya ce, "To, kwana ukun."

Na yi dariya. Na ce, "Haba Yaya! Ashe abin da Nasara suka koya maka shekara tara ke nan, tonon rami kamar gafiya? Ga gawo, ga ƙiri, ga takarkarina. Kafin rana ta take ka ga moter ɗinka a zaune." Na dinga yi masa tsiya, yau da gobe, a gaban maƙwabta. Innarmu tana tsinkar zogale a gefe ta ce, "Ni dai ban son ƙarfen nan a bisa kan mutum." Daga ƙarshe yayana ya je ya duba reshen, ya ja igiyar da ƙarfinsa, ya tambaye ni ko san zai iya ja da baya taki-taki in an zo saukewa. Na ce in ina riƙe da hancinsa, ko kan ƙwai zan sauke masa injin ba zai fashe ba. Ya ce, "In dai kana riƙe da shi." Na ce ina riƙe.

Ya tambaye ni komai, sai abu ɗaya da bai san akwai shi ba. Mutumin da ya bar gida kafin a haifi san, ina zai san kiran da na hore shi da shi? Ni kuwa kiran ya zame mini kamar numfashi, ko a raina bai zo ba cewa abin faɗa ne.

Da hantsi muka fara. Na ɗaura gungumen rijiya a reshe, na ratsa ƙiri, yayana ya ɗaure injin ta wuri huɗu. Na ja sa, injin ya tashi daga ƙasa yana lilo. Maƙwabtanmu biyu suka turo kamiyo ta shiga ƙarƙashinsa. Wallahi har yau ina tuna daɗin da na ji, kaina ya yi girma. Sai gindin injin ya maƙale a bakin ƙarfen gaba, yana bukatar a ƙara ɗaga shi kamar taki ɗaya na hannu. Yayana ya hau, ya zura hannunsa na dama a ƙarƙashi yana laluben inda ya kama. Ya ce, "Ƙara kaɗan."

A nan shaiɗan ya hau ni. Na ga maƙwabta na kallo, na saki igiyar hanci, na goya hannuwana a baya, na yi wa sa tsaki ya yi gaba da kansa, don dai a gani a faɗa. Ya taka ɗaya, ya taka biyu. Injin ya kuɓuce daga ƙarfen. Yayana ya ɗaga murya ya ce, "Ya isa!"

Sa ya juyo.

Ban san yadda zan kwatanta ƙarar ba, kuma ba na so. Abin da na sani, Inna ta yi salati ta zube, mu uku muka sa sanduna muka ɗaga injin, muka jawo shi. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu ba sauran abin da za a kira hannu. Na ɗauki sanda na yi kan san, abin da ban taɓa yi ba tun haihuwarsa. Yayana yana kwance, gumi na zuba, ya ce, "Kar ka bugi san nan. Me ya ji ya juyo?" Na faɗa masa kiran rijiyar da na hore shi da shi, ina kuka kamar mace mai naƙuda. Ya ce, "Ashe shi kaɗai ya yi aikinsa daidai a cikinmu."

Mai ɗori ya zo ya duba ya girgiza kai. Mai ba da magani a bariki ya wanke ya ɗaure, ya ce wannan sai babban likita a Damagaram, kuma a yi sauri kafin ruɓa ta hau. Motar kumandan, Baturen mulkin garin, ta tafi rangadi gabas, ba wanda ya san ranar dawowarta. Muka gwada ɗora shi a raƙumi, tun raƙumin bai gama miƙewa ba ya suma, ga tafiyar kwanaki a tsakiyar bazara. Da ya farfaɗo ya kira ni. Ya ce, "Moter bai fashe ba, na ji ƙarar faɗuwarsa. Gina ramin. Zan riƙe sitiyari da hagu, kai ka riƙa canza mini giya. Yini ɗaya da rabi mun shiga Damagaram."

Na gina. Aikin da na ce kwana uku ne, a kwana biyu na gama shi, tafin hannuna ya sale ban ji ba. Ina kafa zana ina tunanin cewa wannan fa ita ce sana'ata, abin da ya roƙe ni tun farko ke nan, abin da na fi kowa iyawa a Gure. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin gawon, daga nan yake ba da umarni. Muka cire tankin ruwan gaba, muka gangara da kamiyo. Muka jera azarar goruba, muka shafa kitse, muka turo injin da sanduna, yatsa-yatsa. Ya sa muka tallafe shi da guntayen icce, muna zare su ɗaya bayan ɗaya har ya sauka. Sandar ƙarfen da ke shiga akwatin giya ta ƙi shiga, na fara zagi. Ya ce, "Kar ka tilasta mata. Juya kaɗan, saurara, za ta faɗa maka." Na juya kaɗan, sai na ji ta shige da kanta. Ba abin da ya hau sama, ba abin da ya faɗo, kamar yadda ya faɗa.

Amma ɗaure ƙusoshi da haɗa wayoyi da bututun esansi, wato man fetur, ya ci mana wasu kwana uku, domin hannuna bai san aikin ba, shi kuma zazzaɓi ya fara ɗauke masa magana. Wani lokaci yana cikin bayani sai ya koma Faransanci, wani lokaci ya kira ni da sunan wani abokinsa na soja. Baƙin ya wuce gwiwar hannu ya doshi kafaɗa. Inna tana kore masa ƙudaje da mafici, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ran kwana na shida da hantsi, san nan dai shi ya jawo kamiyo da baya daga rami. Na ɗaure shi a turke jikin katanga, na zuba esansi, na kama maniwel, ƙarfen tayar da inji, na murza. Shiru. Na sake, shiru. A na biyar injin ya yi tari, ya girgiza, ya kama. Unguwa duka ta taru a ƙofar gida. Na ruga wurin yayana ina cewa, "Yaya, ka ji? Tashi mu tafi!" Ya buɗe ido, ya saurara sosai yadda yake yi, na ga murmushi a bakinsa. Ya ɗaga hannun hagu da ƙyar ya ce, "Ya isa. Kashe shi, kar esansi ya ƙare."

Muryar ba ta da ƙarfi, ga ƙarar inji, amma san ya ji. Ina kallo ya juyo a turkensa, ya tsaya yana jiran a juye ruwa.

Ba mu je Damagaram ba. Kafin la'asar yayana ya cika, kansa a cinyar Inna. Kamiyon ta zauna a tsakar gidanmu shekara da shekaru, inji lafiya lau a cikinta, ba mai tuƙawa, har yashi ya binne ƙafafunta. San ya mutu da tsufa a hannuna, ban sake dukansa ba, ban kuma sake yabonsa a kasuwa ba.

Abin da na koya, na koye shi da tsada. Abin da ka sani har ya zame maka jiki, shi ne kake mantawa ka faɗa wa abokin aikinka, kuma shi ne ke kashe shi. Tun daga ranar, duk wanda zai kama igiya ɗaya da ni, sai na zaunar da shi mun daidaita kalmar tsayawa da ta tafiya, ko zai ce tsohon nan ya cika surutu. In kuma mai sani ya ce mini aiki kwana uku ne, ba na gardama, kwana ukun nake ba shi. Na hana yayana kwana uku, ga shi yau shekara hamsin da ɗoriya ina neman wanda zai karɓe su daga hannuna.