Takardar da Uwar Guga Ta Goge

Shekara goma sha tara muna tare da Uwar Guga a ɗakin wanki na otal, can ƙasan bene, inda taga ɗaya ce tak, ita ma kusa da rufi. Ni ina ninke zannuwan gado, ita tana kan teburin guga. Ban taɓa ganin mai gaba da yamutsi kamarta ba. Ko hankicinka ta gani a cukurkuɗe sai ta karɓe ta goge, tana yi tana mita: "Talauci daban, ƙazanta daban."

Ita da mijinta baƙi ne a ƙasar nan, kamar yawancinmu. Direban babbar mota ne, ya rasu 'yarsu tilo tana aji uku. A nan aka haifi yarinyar. Likita muke ce mata, don tun tana ƙarama take ɗaure mana yatsu da tsumma. Ta girma, ta ci jarrabawa, aka ba ta gurbin karatun likitanci na gaske, amma aka ce sai da fasfon ƙasa za a yi mata rajista.

Nan aka fara zarya. A ofishin jakadancin ƙasarsu aka ce uba ne ke yi wa ɗa rajista, uban kuwa yana kabari. A ofishin nan kuma aka ce ɗan baƙo na iya samun fasfo in bai taɓa barin ƙasar fiye da wata shida a jere ba, kuma a kawo shaida kafin ya cika shekara sha takwas. To, shekarar da mijin ya kwanta asibiti, Uwar Guga ta kai yarinyar gida wajen kakarta, ta ɗauko ta bayan wata biyar. Sun ga rubutun fitarta, na dawowarta ne suka ce babu. Tsohon fasfon uwar mai hatimi an karɓe shi wajen sabuntawa. Abin da ya rage shi ne guntuwar takardar shiga jirgi, mai sunan yarinyar da kwanan wata, a cikin gwangwanin biskit.

Wata bakwai Uwar Guga tana bin layi. Ta ɗauki lamba, ta wuni kan kujerar roba, a ce ta kawo hoto mai farin bango. Ta kawo, a ce mai aikin ya tafi hutu. Ƙafafunta da ma a kumbure suke saboda tsayuwa. Wallahi ni da nake jin labari kawai na gaji.

Ana gobe ganawar ƙarshe, saura kwana tara yarinyar ta cika sha takwas, Uwar Guga ta zo da gwangwanin wurin aiki. Ta ce ba za ta miƙa wa ma'aikaci takardu kamar an ƙwato su daga bakin akuya ba. Ta rage wuta, ta goge takardar haihuwa, ta goge ta makaranta. Ina tsaye ina yaba mata, Allah ya yafe min. Sai ta ɗora dutsen guga kan takardar jirgin. Da ta ɗaga, takardar ta koma baƙa ƙirin. Ashe irin ta rasit ce, wadda ba ta shiri da zafi. Garin neman gira aka rasa ido.

Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Yaya, zo ki karanta min, idona ne."

Washegari ma'aikacin ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Mama, me zan gani a nan?" Ya ce su nemi kamfanin jirgin, kamfanin kuwa ya daɗe da rufewa. A bakin ƙofa Likita ta kama hannunta ta ce, "Umma, ki bari, ba ke kika yi dokar ba." Daga baya Uwar Guga ta faɗa min da zaginta yarinyar ta yi da ya fi mata sauƙi.

Gurbin karatu ya wuce. Likita tana jera kwalaye a wani kantin magani, ba fasfon nan, ba na can. Uwar Guga tana nan kan teburinta, sai dai ta daina karɓar hankicin kowa. Kullum da hantsi, in rana ta leƙo ta tagar nan, sai ta ciro baƙar takardar daga aljihu ta karkata ta wajen haske.

"Yaya, duba, wannan ba sha huɗu ba ce?"

Nakan duba. Baƙi ne kawai. Sai in ce, "Kamar ita ce."