Hajjo da Littafin Wan Mijinta

Akwai wani ofishin aikin gona a Kalgo da tun daga bakin ƙofa kake jin ƙarar tafireta kamar ana sussuka. Hajjo ke nan. 'Yar Masama ce, ta gama sakandare, ta auri Namadi direban babbar mota, mutumin Gwandu. Wan mijinta, Malam Abdulgani, shi ya samo mata aikin, kuma bai taɓa bari wani a dangi ya manta da haka ba.

A 1997 aka kawo kwamfuta ofishin. Shugaba ya ce za a ajiye tafireta, kujera kuma ɗaya ce: tsakanin Hajjo da Bawa akawu, wanda ya iya rubuta wa na'urar umarni ta lissafa ruwan saman da aka auna a ƙauyuka, shi zai zauna. Bawa in ya faɗi yana da teburinsa. Hajjo in ta faɗi sai gida. Bayan kaka za a gwada su.

Aka ɗauko wani Malam Sambo daga Birnin Kebbi yana zuwa duk Asabar yana koya musu. Ya ce harsunan kwamfuta da yawa, amma BASIC kaɗai ke cikin wannan, shi ne kuma mai sauƙi ga ɗan koyo.

Labari ya kai Gwandu. Malam Abdulgani ya yi jami'a tun zamanin da ake huda kati a ba kwamfuta, tun sannan kuwa bai sake taɓa ta ba. Ya kira Hajjo gaban mutanen gida, ya miƙa mata wani ƙaton littafi na wani harshen daban, FORTRAN, da gara ta ci gefensa.

"Wanga shi na karatu," in ji shi. "BASIC wasan yara na. Matar gidanmu ba ta farawa da wasa."

Ta durƙusa ta karɓa hannu biyu. A gidan nan matar ƙane ko sunan wa ba ta faɗi, balle ta ce masa a'a. Ta kai kuka wajen Namadi, sai cewa ya yi, "Ki bi Yaya mana," ya hau motarsa ya nufi kudu. Namiji ke nan! Shi ba za a kora ba.

Sai ta ɗauki kaya biyu. Duk Juma'a ta je Gwandu ta kawo wa Malam haddar FORTRAN kamar ɗalibar allo, yana gyaɗa kai. Asabar kuma ta zauna bayan Bawa tana leƙen BASIC, don in ya hau kujerar ba ya sauka sai an ɗauke wuta. Ta roƙi Malam Sambo ko zai sa mata FORTRAN a na'urar, kowa ya huta.

"Hajiya, ina zan samo faifansa? Ko Sakkwato sai kin san wani."

Ranar gwaji tana gyara mayafi sai ta ji sallama da muryar da ta sani. Malam Abdulgani ne cikin babbar riga, da wani abokinsa, ya zo ya ga ɗalibarsa. Wa ya gayyace shi? Ba kowa.

Bawa ya fara. Na'ura ta ƙi sau biyu, sannan ta ba da rabin amsa ta tsaya. Ya tashi yana murmushi. "Rabi ma ai wani abu ne. Bismilla, malama."

Hajjo ta zauna. Ƙamshin turaren Malam na bisa kanta. In ta buga abin da ya koya mata, na'urar ba za ta motsa ba. In ta buga ɗayan, idonsa na kan gilashin na'urar. Sai ta buga layin farko da BASIC.

"Hajjo." Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mi kike rubutawa?"

"Yaya, na'urar ba ta jin naka."

"To tashi. Ni nas samo miki aikin ga, ina iya samo wani."

Shugaba ya dubi agogo, ya kau da kai, don shi ma ba ya son rigimar gidan wasu. Hajjo ta tuna yadda za ta koma tana jiran a samo mata, ta sake durƙusawa tana godiya. Ba ta waiwaya ba. Ta ci gaba da bugawa, ta yi kuskure ta goge, ta sake. Ta ji shuuu ɗin rigar Malam, ta ji ƙofa. Da ta danna maɓallin ƙarshe, lissafin ƙauyen Dangoma ya fito, sauran ƙauyukan suka biyo.

Aka ba ta kujerar. A Gwandu kuwa aka ce boko ya cire mata kunya. Sallar shekarar ta aika wa Malam tuwo, kwanon ya dawo ko buɗe shi ba a yi ba. Namadi da ya dawo ya ce ta je ta ba da haƙuri, ta je, ta durƙusa, Malam ya amsa gaisuwa yana kallon bango.

Litinin ta hau motar Kalgo ta koma bakin aikinta.