Tafkin da Ya Kusa Hana Ni Aure

Shekarun baya, ina tsakiyar karatun digiri na uku a ƙasar waje, na dawo hutu gidanmu a Unguwar Dosa. Lokacin maganar aurena ta yi nisa, dangin saurayina suna ta bincike a kaina kamar yadda aka saba.

Bari in fara gaya muku abin da nake karantawa. Akwai injin da ke ƙera kayan ƙarfe ba guduma ba walda. Zai shimfiɗa garin ƙarfe, hasken leza ya bi ta kai ya narkar da shi, a sake shimfiɗa wani a sake narkarwa, har kayan ya tashi. Daidai inda hasken ya sauka, ƙarfen kan koma ruwa na ɗan lokaci. Wannan wurin muke kira tafki. Aikina in auna zafinsa da wata kyamara ta musamman, domin in zafin ya yi yawa kayan zai fito da 'yan ramuka a ciki, in ya yi kaɗan garin ya ƙi haɗewa.

Haka na zauna na zayyana wa mahaifiyata tana gyaran wake, har da zane a bayan kwali. Tana ta gyaɗa kai tana cewa, "Ma sha Allah." Na tashi ina jin kaina, wai ni ga wadda ta iya koyarwa. Ashe duk dogon jawabin nan abu uku ta riƙe: tafki, zafi da kyamara.

Da goggon saurayina ta zo gaishe ta, ta tambayi aikina, sai Mama ta ce, "Ai zafin tafki take aunawa. Wuni take a bakinsa da kyamara." Goggo ta ɗauki labari ta kai gidansu a Mando. Kafin ya isa kunnen baffansa, wanda shi ne babba a gidansu, na zama ma'aikaciyar wurin ninkaya, ina ɗaukar Turawa hoto suna wanka.

Sai ga kiran saurayina, murya a sanyaye.

"Don Allah ki gaya min gaskiya, a wurin aikinku akwai ruwa?"

"Akwai famfo," na ce.

"Ba wasa nake ba. Baffa ya ce a dakata da kawo lefe."

Wai ya yi ƙoƙarin kare ni, ya ce wa Baffa tafkin na ƙarfe ne. Baffa ya ce ko na zinare ne, wanka dai wanka ne. A nan na gano shi ma gogan bai taɓa fahimtar aikina ba, gyaɗa kai kawai yake yi irin na Mama. Na yi dariya a waya, amma ina ajiyewa na shige ɗaki na sha kuka.

Ranar Asabar bayan la'asar Baffa ya zo da kansa wurin mahaifina. Aka kira ni falo, na durƙusa na gaishe su. Mahaifina ya riga ya hau kare ni, sai dai kariyar ta fi zargin muni.

"Alhaji, ko da tafki ne, na san tarbiyyar da na ba ta. Da hijabinta take zuwa."

Na ce, "Baba, ku bari in nuna musu."

Na buɗe kwamfuta na kunna bidiyon gwajina. Baffa ya sa tabarau ya matso. Wani ɗigon haske na ta kai da komo a kan garin ƙarfe.

"Ina tafkin?"

"Ga shi nan, Baffa. Wannan mai hasken. An ƙara masa girma ne ma, a zahiri bai kai ƙwayar gero ba."

"Masu wankan fa?"

"Narkakken ƙarfe ne, Baffa. Injin ma a rufe yake ruf, ko yatsa ba a sawa."

Ya ƙara matsowa yana kallo. Can ya cire tabarau ya ce, "To wane mara aikin yi ne ya sa masa suna tafki?"

Na ce Turawa ne. Ya ce ai dama ya sani. Sai ya juya wurin mahaifina. "Alhaji, yanzu duk nisan ƙasar nan, ɗigo yarinyar nan ta je kallo?"

Mahaifina ya ce, "Shekara da shekaru kuwa."

Suka tuntsure da dariya, Baffa har da share hawaye. Daga bayan labule muryar Mama ta fito: "Ni dai abin da ta faɗa min na faɗa." Kuma gaskiyarta.

Ba a jima ba aka kawo lefe.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu in suna son ka za su yi ta gyaɗa maka kai ko ba su gane ba, don kada ka ji kunya. Tun daga nan in na yi wa wani bayani, sai na ce ya maimaita min. Kwanaki na gaya wa Mama yanzu bincikena a kan gajiyar ƙarfe yake, wato yadda yake tsagewa in ya daɗe yana aiki. Na ce, "Mama, me kika ji?"

Ta ce, "Na ji ƙarfen ma ya gaji da ke. Ki bar shi ya huta ki zo gida."