Gaiwa a Bangon Kicin

Ranar da ruwan farko ya sauka a shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, ina tsugune a kicin ɗinmu na Agege ina fifita gawayi, sai gefen bango ya ɓantare ya faɗo, wani abu dogo mai santsi ya sulalo daga cikin lakar yana mutsu-mutsu. Kaka, mahaifiyar babanmu, ta leƙo, ta ƙura masa ido, ta ce, "Gaiwa ce a bango." Mu 'yan Legas ba mu taɓa jin wannan kalma ba, kunnenmu gawa ya ji. Kafin in miƙe yayata ta kai bakin titi tana shelar an binne mutum a kicinmu.

Bari in koma baya kaɗan a labarin. Kaka 'yar masunta ce daga bakin kogin Kwara, kuma da ƙyar Baba ya shawo kanta ta zo Legas. Abin da ya zaunar da ita shi ne rafin bayan unguwarmu. Da damina yakan cika ya malala cikin ciyawa, kifi ya shiga ya yi ƙwai, da rani kuma ya bar kududdufai, mu bi Kaka da kwando da ƙwarya muna lalubo tarwaɗa. A can nake wanki, a can na koyi iyo, a can kuma na sha dukan da ya fi kowanne saboda ɓatar da takalmin makaranta. Sai arzikin mai ya zo, masu aikin titi suka zuba jar ƙasa suka karkatar da ruwan ta wani kwalbati. Ya daina shiga ciyawa, kududdufai suka ƙafe, kifi ya ɗauke ƙafa.

Maƙwabciyarmu Iya Sikira, mai sayar da kifin ƙanƙara, ta kawo wa Kaka guda biyu don lallashi. Da Kaka ta ji Yarabawa na kiransa oku Eko, wato gawar Legas, sai ta ture kwanon ta ce, "Ni ba na cin mamacin da ba a san ranar rasuwarsa ba." Ta ɗaure kayanta a zane, ta ce ruwan farko na sauka za ta hau jirgin ƙasa a tashar Iddo ta koma gida. Ni ce 'yar ɗakinta, a bayanta nake kwana, kuma hankalina ya tashi ƙwarai. Don in burge ta na ɗebo laka daga busasshen kududdufi, curi-curi, na liƙe ramin da ɓeraye suka yi a bangon kicin. Ban san na kwaso kifi yana barci a ciki ba.

To, ranar nan gida ya cika maƙil. Baba ya baro mayanka da wuƙa a kugu, liman ya zo da carbi, Iya Sikira na salati da Yarabanci tana rantsuwa dama ta daɗe tana jin wari. Kaka kuwa ko a jikinta. Ta ɗaga kifin ta wuya ta nuna wa jama'a, ta ce, "Malam, ga mamacin, sai dai a yi masa sallah da manja." Ta bayyana musu cewa gaiwa idan ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka ta naɗe, ta jira damina ko da wata nawa ne. Liman ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Kowa ya zaci tukunya za ta sa ta. Sai ta wanke tsohuwar randa, ta zuba ruwa ta saka ta, ta daɗe tana kallonta. Can ta ce, "Ita ma an ɗauke mata ruwanta, amma ba ta tafi Iddo ba." Ta ce in kwance mata ƙullin kayanta. Daɗi ya sa na yi kuka, ta ce in daina jiƙa mata zane. A Agege ta zauna har Allah Ya karɓi abinsa.

Yau shaguna ne a kan rafin, motocin danfo na lodi daidai inda muke lalube, jikokina kuma sun ɗauka a firji ake haihuwar kifi. Ina kewar Kaka, ina kewar ruwan nan. Duk sanda na bi ta wurin nakan taka simintin a hankali, ko da akwai mai jiran damina a ƙasa.